Yadda Ake Bin Tsuntsayen Gundumar Norfolk ta Ingila, Mazauna da Baƙi

Gundumar Norfolk tana gabashin Ingila, ta turo kai cikin Tekun Arewa, ruwa ya kewaye ta daga arewa da gabas. Wannan zaman nata ne ya sa tsuntsun da ya tsallako teku daga Sikandinabiya ko Rasha, sau da yawa ita ce ƙasar da zai fara dira a kai. An taɓa ganin nau'in tsuntsaye fiye da 400 a cikinta. Sai dai wannan adadi yana ruɗin sabon shiga, domin ba a taɓa samunsu a rana ɗaya ba, ba kuma a wuri ɗaya ba. Fadamar da ta cika maƙil da dinya a Janairu, in ka koma a Yuni sai ka tarar baƙin dinyoyin sun tafi, wasu tsuntsaye daban ne suke kwanci a wurin. Wanda yake son ya san tsuntsayen gundumar nan, abu uku zai riƙa haɗawa kafin ya fita: wane wata ake ciki, wane irin wuri zai je, sannan me teku da iska suke yi a ranar.

Mataki na farko: raba gundumar bisa irin ƙasarta

Ka buɗe taswira, ka manta da iyakokin ƙananan hukumomi. Tsuntsu bai san da su ba. Abin da ya sani shi ne laka, iwa, yashi da itace.

A yamma akwai The Wash, wani makeken lungun teku wanda idan ruwa ya janye sai ya bar laka iya ganinka. A bakinsa Snettisham take. Daga nan sai gaɓar arewa, daga Holme zuwa Titchwell, Holkham, Blakeney, Cley da Salthouse, inda fadamar gishiri, tudun yashi, tsakuwa da fadamar iwa suke jere kusa da juna. A gabas akwai tafkunan da ake kira Broads. Ba halittattu ba ne: ramuka ne da mutanen ƙarnonin baya suka haƙa suna ɗiban baƙar ƙasar fadama da ake ƙonawa a madadin itace, daga baya ruwa ya cike su. Wata masaniyar tsirrai, Joyce Lambert, ita ta tabbatar da haka a shekarun 1950. A kudu maso yamma akwai Breckland, jigawa mai gajeriyar ciyawa, da dajin Thetford da aka fara shukawa a 1922. Can yamma kuma akwai Welney, filin da ake barin ambaliya ta kwanta a kai da hunturu. Ragowar gonaki ne da garuruwa, kuma kada ka raina su.

A shawarata, ka zaɓi wuri ɗaya da za ka iya komawa kowane wata, ya zama shi ne makarantarka, sauran ka riƙa kai musu ziyara a lokacinsu. Cley ya dace da wannan. Tun 1926 Dakta Sydney Long da abokansa suka saye fadamar don tsuntsaye, kuma daga nan ne ƙungiyar da yanzu ake kira Norfolk Wildlife Trust ta samo asali. Titchwell ma haka, wadda ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta saya a 1973: hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya daga wurin ajiye mota zuwa bakin teku, tana ratsa itatuwa, iwa, ruwan daɗi da ruwan gishiri. Wanda ke zaune a birnin Norwich kuwa, Strumpshaw Fen ta fi masa kusa.

Mataki na biyu: kayan aiki

Madubin hangen nesa na ido biyu mai lamba 8x42 ya isa. Babban madubi mai ƙafa uku yana da amfani a bakin laka, amma ba dole ba ne a shekarar farko. Ka nemi littafin gane tsuntsayen Birtaniya, ƙaramin littafin rubutu da fensir, domin biro yakan ƙi rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda. Manhajar Merlin tana taimakawa wajen gane kuka, amma tana kuskure, saboda haka abin da ta faɗa ka ɗauke shi zato har sai idonka ya gani. Allunan wuraren duk da Turanci suke, shi ya sa zan riƙa ambaton sunan da za ka tarar a rubuce.

Tufafi kuwa, ka yi shirin iska fiye da shirin ruwa. Iskar arewa a gaɓar nan ba abin da ya tare ta. Rigar da ba ta shan ruwa, safar hannu, hula, da takalmin da zai jure laka. Ka sauke jadawalin cikar teku da janyewarta a waya. Jirgin ƙasa yana zuwa King's Lynn da Norwich daga Landan, akwai kuma wanda ke tashi daga Norwich zuwa Sheringham, sannan motar bas tana bin titin A149 na bakin teku.

Mataki na uku: fara da 'yan gida

Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kowanne muhimmanci. Ba za ka gane baƙo ba sai ka san ɗan gida. Ka yi makonni kana kallon waɗanda ba sa tafiya ko'ina har sai ka gane su ta tashi, ta zama da ta murya, ba sai ka ɗaga madubi ba.

A cikin iwa akwai mazauna uku da ya kamata ka nema. Na farko wani zalɓe ne mai launin busasshiyar ciyawa, bittern, wanda ganinsa ke da wuya ƙwarai. Daga Maris zuwa Yuni namijin yana wani kuka mai zurfi, kamar an hura iska a bakin kwalba, ana jinsa daga nesa. A 1997 maza 11 kacal aka ji suna wannan kuka a duk Birtaniya. Gyaran fadamun iwa ne ya dawo da su. Na biyu ɗan ƙarami ne mai dogon wutsiya, bearded tit, namijin yana da baƙin zane a gefen baki. Da zafi ƙwari yake ci, da sanyi ya koma 'ya'yan iwa, har yana haɗiyar ƙananan tsakuwa don su taya shi niƙa. Safiyar da babu iska a Satumba ko Oktoba ita ce lokacinsa. In iska na kaɗawa yana can ƙasan ciyawa, kada ka ɓata lokacinka. Na uku, Cetti's warbler, murya ce kawai za ta fashe a kusa da kai daga cikin sarƙaƙiya, kafin ka juya ya yi shiru.

A gonaki akwai farar mujiya da ke shawagi ƙasa-ƙasa a kan ciyawa da yamma, akwai makwarwa mai ruwan toka da ta yi ƙaranci a wasu sassan ƙasar. A birni, ka ɗaga kai ka dubi hasumiyar babban cocin Norwich, inda shaho mai suna peregrine yake sheƙa. Kurciya mai baƙin zobe a wuya da za ka gani a kan rufin gidaje, ita ma ba daɗaɗɗiya ba ce: a Norfolk ta fara haihuwa a Birtaniya, a 1955, bayan ta bazu daga kudu maso gabashin Turai.

Ga wani abu da zai hana ka kuskure daga baya. "Mazauni" da "baƙo" ba hatimi ba ne da aka buga wa nau'i gaba ɗaya. Baƙin tsuntsun lambu, blackbird, yana nan duk shekara, amma a Oktoba da Nuwamba dubbai na irinsa suna tsallakowa daga Sikandinabiya su gauraya da na gida. Mai baƙar hula, blackcap, ya fi ban mamaki: waɗanda suka yi ƙwai a Ingila suna gangarawa kudu, waɗanda ake gani a lambuna da hunturu kuwa yawancinsu daga tsakiyar Turai suka zo. Shirwar fadama, marsh harrier, da can galibi Afirka take tafiya, yanzu da yawa sun zauna. Don haka abin da za ka tambayi kanka shi ne: wannan da nake gani yau, a wannan wuri, daga ina ya fito?

Mataki na huɗu: hunturu, Nuwamba zuwa Fabrairu

Rana gajera ce. A Disamba sai wajen ƙarfe takwas take fitowa, kafin huɗu ta faɗi. Ka tsara wuri ɗaya da asuba, ɗaya da faɗuwar rana, abin da ke tsakani ka cike shi da na kusa.

Asuba ta Snettisham ce. Dinya mai ƙafa ruwan hoda, pink-footed goose, tana zuwa daga Aisland da Girinlan, ta kwana a kan lakar Wash, gari na wayewa ta tashi garke-garke zuwa gonaki, inda take cin ragowar gwozar sukari bayan an girbe. A nan ne kuma ake ganin dubban ƙananan tsuntsayen laka, musamman knot, waɗanda ke zuwa daga Girinlan da arewacin Kanada. Idan teku ta yi babbar cika ta shanye lakar baki ɗaya, ba su da wurin tsayawa, sai su tashi gaba ɗaya suna murɗawa a sama kafin su sauka a tsoffin ramukan tsakuwa da ke bayan gaɓa.

A nan ake bukatar lissafi. Babbar cika tana zuwa ne kwana ɗaya ko biyu bayan wata ya cika, ko bayan ya ɓuya. Amma dinya, idan akwai farin wata, takan ci gaba da kiwo a gona da dare, ba ta komawa laka ta kwana, sai ka je da asuba ka tarar da wayam. Saboda haka in kana son ka haɗa tashin dinya da na tsuntsayen laka a fita ɗaya, ka zaɓi babbar cikar da ta faɗo a duhun wata. RSPB tana fitar da ranaku da sa'o'in da ya dace. Ka iso da wuri sosai, domin daga wurin mota zuwa wurin kallo akwai tafiyar ƙasa ta kusan kilomita biyu, cikin duhu, kuma teku ba ta jiran kowa.

Da rana ka bi gaɓa. A fadamar gishiri akwai ƙaramar baƙar dinya, brent goose, daga arewacin Siberiya. A yashin Holkham da tsakuwar Salthouse ana samun snow bunting, wani lokaci da shore lark, suna tsintar iri a ƙasa. A shingayen gonaki akwai redwing da fieldfare suna cin 'ya'yan itace.

Da yamma kana da zaɓi biyu. Ko ka je Welney, inda manyan fararen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya, swan, suke taruwa. Ka duba baki: mai ruwan lemo da ƙulli a goshi ɗan gida ne, mai rawaya da ta zubo kamar tsini, babba, daga Aisland ya zo, ƙaramin mai taƙaitacciyar rawaya daga arewacin Rasha, kuma irinsa suna raguwa a Ingila. Ko kuma ka je Stubb Mill kusa da Hickling, ka tsaya a dandamalin kallo sa'a guda kafin faɗuwar rana. Shirwar fadama za ta riƙa shigowa kwana ɗaya bayan ɗaya, kuma in ka yi sa'a gaurakan Turai mai ruwan toka zai wuce yana kuka. Wannan tsuntsu ya ɓace a matsayin mai haihuwa a Birtaniya na kusan shekara 400, sai a 1979 wasu 'yan kaɗan suka sauka a wannan yanki da kansu suka zauna.

Mataki na biyar: Maris zuwa Mayu, ka bi su bi da bi

Baƙin zafi ba sa zuwa rana ɗaya, layi suke bi, kuma sanin layin yana rage maka ruɗani. A Maris ƙaramin tsuntsu chiffchaff ke fara waƙa, wheatear ya bayyana a tudun bakin teku, tsattsewar da ke haƙa rami a gaɓa ta iso. A Afrilu tsattsewa mai wutsiya biyu take zuwa, wadda ta yi hunturu can Afirka ta Kudu, tare da 'yan waƙar iwa irin su sedge warbler da reed warbler. Wajen tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshensa ake jin cuckoo, tsuntsun da ke saka ƙwansa a sheƙar wasu. Baƙar tsattsewa mai fiffike kamar lauje sai farkon Mayu, yautai kuma tsakiyar Mayu. In wani ya ce maka ya ga yautai a farkon Maris, ka ce ya sake dubawa.

A wannan lokaci kunne ya fi ido aiki, domin ganye ya fito ya rufe su. Ka fita kafin fitowar rana, ka tsaya wuri ɗaya, ka ware murya ɗaya, ka bi ta har ka ga mai ita. Murya biyu ko uku a fita ɗaya sun isa.

Ka ware rana ɗaya don Breckland. A Weeting Heath akwai rumfunan laɓewa da ake kallon stone-curlew, tsuntsu mai doguwar ƙafa da ƙaton ido rawaya, wanda ke isowa a Maris daga kudancin Turai da arewacin Afirka, ya yi ƙwai a ƙasa tsirara. Da sassafe ko da yamma za ka je. Da tsakar rana yana kwance, launinsa ya saje da ƙasa, ga hucin zafi yana sa hoto rawa a madubi.

Cibiyar BTO mai nazarin tsuntsayen Birtaniya tana garin Thetford a wannan yanki. Tun 2011 take ɗaura wa cuckoo na'urar da tauraron ɗan'adam ke bi, kuma ta haka aka gano cewa a dazuzzukan yankin Kwango suke hunturu. Wasu ta Italiya suke bi su tsallake Sahara, wasu ta Sifen, kuma masu bin Sifen sun fi mutuwa a hanya. A dawowa kuwa ta Afirka ta Yamma suke ratsowa. Wannan yana nuna maka cewa abin da za ka ƙirga a Norfolk ba a Norfolk kaɗai ake yanke shi ba. A 1969 fiye da rabin ƙananan tsuntsayen whitethroat na Birtaniya ba su dawo ba, bincike ya nuna farin yankin Sahel ne ya cinye su. Kurciyar da ake kira turtle dove, ita ma mai hunturu a Sahel, ta ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari tun shekarun 1970. In ka ji gurnaninta a Mayu, ka rubuta wurin da kyau.

Mataki na shida: Yuni da Yuli, ka ja baya

Lokacin ƙwai da 'ya'ya ne, kuma doka tana da ƙarfi a nan. Dokar kare namun daji ta 1981 ta hana taɓa sheƙar da ake amfani da ita ko ɗaukar ƙwai. Wasu nau'o'i, ciki har da bittern, stone-curlew, shirwar fadama, farar mujiya, ƙaramin tsuntsun teku little tern da avocet mai baki lanƙwashe sama, ko damunsu a kusa da sheƙa laifi ne. In ka ga an kewaye wani yanki na bakin teku da igiya, a Winterton ko Holkham, ƙwai ne a kan yashi da tsakuwa waɗanda ba za ka gani ba sai ka taka. Kada ka kunna kukan tsuntsu a waya don ka jawo shi. Gonaki na masu su ne, ka tsaya kan hanyar ƙafa da aka yi wa alama.

Blakeney Point da tsibirin Scolt Head su ne matattarar tsuntsayen teku masu nutso, tern, waɗanda da yawansu a gaɓar Afirka ta Yamma suke hunturu. Daga Morston ake shiga kwalekwale zuwa Blakeney. Yautai kuma a filayen da aka sare itatuwa a dajin Thetford, bayan ƙarfe tara na dare, domin a Yuni sai lokacin rana take faɗuwa. Akwai kaska a ciyawar wurin, mai iya sa cuta, saboda haka ka cusa ƙafar wando cikin safa, ka duba jikinka in ka koma.

Kada ka ɗauka babu tafiya a waɗannan watanni. Manyan cuckoo tun a Yuni suke fara komawa, sun bar wa reed warbler renon 'ya'yansu. Daga ƙarshen Yuni tsuntsayen laka da suka gama a arewa suke fara gangarowa.

Mataki na bakwai: Agusta zuwa Oktoba, ka karanta iska

A kaka, hasashen yanayi ya fi kalanda amfani. In iska mai ƙarfi ta taso daga arewa, ka je bakin teku a Sheringham ko Cley, ka sami mafaka, ka kafa madubi: tana turo tsuntsayen tsakiyar teku kusa da gaɓa. In daga gabas take, ga hadari ko yayyafi da dare, ka tashi da asuba zuwa itatuwan Wells, Holkham ko Holme. Ƙananan tsuntsayen da suka taso daga Sikandinabiya cikin sarari, suka haɗu da ruwa a kan teku, a gajiye suke faɗowa kan itacen farko da suka samu. A irin wannan safiya ake samun yellow-browed warbler, ɗan mitsitsi da ya fito tun daga Siberiya. Ka ba su tazara. Wanda ya kwana yana tashi a kan teku abinci yake bukata. In kuwa iskar yamma ce ta daɗe tana busawa, ka koma tafkunan Titchwell da Cley ka koyi bambance 'ya'yan bana da manya a cikin tsuntsayen laka. Da dare a Oktoba, ka tsaya a waje ka saurara, za ka ji siririn kukan redwing suna wucewa a sama.

Mataki na takwas: rubuta, ka miƙa

Kowace fita ka rubuta kwanan wata, wuri, sa'ar farawa da ta gamawa, iska, da matsayin teku. Ka rubuta duk nau'in da ka gane, har da gwara da hankakan gona, ba na burgewa kaɗai ba. Cikakken jeri shi ke nuna abin da babu, kuma rashin tsuntsu a watan da aka saba ganinsa labari ne. Garke kuwa, ido ba mudu ba ne amma ya san kima: ka ƙirga goma, ka ga faɗin da suka ci, ka auna hamsin, sannan ka yanka garken ɗari-ɗari. Ka yi sau biyu ka ɗauki adadin da ke tsakaninsu, ka nuna cewa kiyasi ne.

A lokacin haihuwa ka rubuta abin da tsuntsun yake yi. Namiji mai waƙa alama ce mai rauni. Mata da miji a wuri ɗaya ko ɗaukar ciyawar gini ta fi ƙarfi. Ɗaukar abinci a baki ko 'ya'yan da suka fara tashi shi ne tabbaci. Bayan shekara, ka ja layi goma sha biyu, kowane wata da nasa, ka sa alama a gaban kowane nau'i. Wanda ya cike duka mazauni ne, wanda ya tsaya a Afrilu zuwa Satumba baƙon zafi ne, na Oktoba zuwa Maris baƙon sanyi, wanda kuma ya bayyana sau biyu a taƙaice mai wucewa ne.

Ka shigar da jerin a BirdTrack ko eBird, manhajojin da ake tara bayanan tsuntsaye. Gundumar tana da mai tattara bayanan tsuntsaye, kuma ana buga rahoton shekara-shekara. In abin da ka gani ba safai ake ganinsa ba, za a nemi bayani: girmansa idan an kwatanta da na kusa da shi, siffar baki, launin ƙafa, kuka, nisan da ke tsakaninku da tsawon lokacin da ka kalle shi. Ka rubuta waɗannan a wurin, kafin ka buɗe littafi, in da hali ka ɗauki hoto ko da bai fita sosai ba. Wurin sheƙar tsuntsu mai ƙaranci kuwa, mai tattara bayanan kaɗai za ka gaya wa, ba a sa shi a Facebook. In ka ga mai zobe mai launi a ƙafa ko a wuya, ka rubuta launukan daga sama zuwa ƙasa, ƙafar hagu daban ta dama daban, da duk harafin da ke jiki, ka aika wa BTO. Sau da yawa za a dawo maka da inda aka sa masa zoben da wuraren da aka gan shi. Mataccen tsuntsun ruwa kada ka taɓa shi da hannu saboda murar tsuntsaye, ka sanar da ma'aikatan wurin ko Defra, ma'aikatar muhalli da noma ta gwamnati.